Malam Aminu Kano: Ɗan Sudawa da ya nema wa kowace unguwa bakin magana

A yau Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma doka ta ba kowace mazaɓa kujerar kansila guda. Mutumin Kademi a Ƙaramar Hukumar Gaya yana da nasa kansilan, kamar yadda mutumin Yakasai ko Jakara a tsakiyar birni yake da nasa. Kujera ce da jama'a da dama suka raina, har wasu ba su san sunan wanda yake kanta ba. Amma a farkon shekarun 1950 an ɗaure mutane, an yi wa wasu bulala, wasu kuma sun bar garuruwansu ba shiri, duk saboda sun ce talaka ne ya kamata ya zaɓi wanda zai yi magana da yawun unguwarsa. Wanda ya jagoranci wannan fafutuka fiye da shekara 30 shi ne Malam Aminu Kano.

Mulkin unguwa kafin zuwan ƙuri'a

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su rushe sarautar da suka tarar ba. Sun riƙe ta, suka mayar da ita hukumar gargajiya wadda jama'a suka fi sani da En'e. Umarni yana fitowa daga Razdan zuwa ga Sarki, daga Sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, sannan ya sauka a ƙofar mai unguwa. A cikin birni an kasa unguwanni fuska huɗu, wato Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace fuska da wakilin da masu unguwanni ke kai wa rahoto. A karkara kuwa, an tura hakimai su zauna a gundumominsu, kuma Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga can maƙeran farko suka tashi suka zauna a gindin Dutsen Dala, tana cikin waɗannan gundumomi.

Mai unguwa mutum ne mai amfani. Shi ya san baƙo da ɗan gari, shi ne shaidar cinikin gida da gona, wurinsa ake kai yaron da ya ɓata, shi yake sasanta maƙwabta kafin magana ta kai gaban alƙali. Sai dai naɗa shi aka yi daga sama, kuma wanda ya naɗa shi ne kaɗai zai iya tuɓe shi. Shi yake ƙidaya magidanta don haraji, shi yake fitar da mutane idan an buƙaci aikin tilas. Baitulmali da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannun En'e. Idan aka zalunci talaka, hanyar da zai kai kuka ita ce dai hanyar da zaluncin ya biyo ya same shi.

A daidai wannan zamani, Legas ta riga ta fara wani abu dabam. Tun shekarar 1920 aka fara zaɓen wasu 'yan majalisar birnin daga mazaɓu, ko da yake masu hali kaɗan ne aka yarda su jefa ƙuri'a. A wannan shekara ce aka haifi Aminu, ranar 9 ga Agusta, a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano.

Daga Sudawa zuwa Landan

Aminu ba bare ba ne ga tsarin da ya tashi yana suka. Gidansu gidan malamai ne na Fulanin Gyanawa, waɗanda aka sani da ilimin shari'a, kuma mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali. Tun yana yaro ya ga yadda ake shari'a, ya kuma ga yadda masu iko ke iya tanƙwara ta. Bayan karatun allo ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan ya tafi Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. A shekarun karatunsa ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa yana yi wa son zuciyar manya da sakarcin talakawa shaguɓe.

Aikinsa na farko koyarwa ce a Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa: Malam Sa'adu Zungur, mawaƙi kuma malamin addini mai kaifin harshe, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai sanyin hali da taka-tsantsan. Sun riƙa zaman muhawara inda ake tattauna haraji da aikin tilas da ikon sarakuna, abin da ba a saba yi a fili ba a Arewa, har hukuma ta fara sa musu ido.

A 1946 ya samu gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Koyarwa ta Jami'ar Landan. Ya isa Ingila lokacin da jam'iyyar Leba ke mulki, ya ga yadda ma'aikacin jirgin ƙasa ko malamin makaranta ke tsayawa takarar majalisar gari, maƙwabtansa su zaɓe shi ko su kayar da shi. Yana can ne, a watan Fabrairun 1947, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Arthur Creech Jones, ya aika wa gwamnonin Afirka takarda cewa a kafa ƙananan hukumomi masu aiki kuma masu wakilcin jama'a. Jihar Gabas ta yi tata dokar a 1950, Jihar Yamma a 1952, Legas kuma ta samu majalisar da aka zaɓi dukkan mambobinta a 1950. Arewa ce aka bari tana jan ƙafa.

Da ya dawo gida, Aminu ya kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948. Daga baya aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. Can ya zauna har ƙarshen 1950, lokacin da ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Kano ba albashi, ya rungumi siyasa gaba ɗaya.

Jam'iyyar Neman Sawaba

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Aminu yana Maru a ranar, amma da shawararsa aka yi, kuma a 1953 ya zama shugabanta, muƙamin da ya riƙe har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966. A cikin watan da aka kafa NEPU ne Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Bambancin tsofaffin abokan biyu shi ne, Ɓalewa yana son gyara a hankali daga cikin gida, Aminu kuwa yana ganin wanda ke cin moriyar tsari ba zai gyara shi da kansa ba.

Buƙatun NEPU ba su da wuyar ganewa. A zaɓi 'yan majalisar ƙauye da na gunduma da na gari da na En'e kai tsaye, ta ƙuri'ar sirri. A raba kotu da fada. A daina aikin tilas. A ba mata ilimi da 'yancin ƙuri'a. Teloli da mahauta da marina da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure su ne suka fi amsa kiran, kuma rassan jam'iyyar unguwa-unguwa aka kafa su. Malam Aminu yakan ɗauko hujjojinsa daga Alƙur'ani da Hadisi da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, don ya nuna cewa tambayar shugaba yadda ya kashe dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a addini. Wannan ya sa zargin da abokan hamayya ke yi masa na rashin ladabi da raina manya bai hana jama'a saurarensa ba.

Darasin zaɓen 1951

Zaɓen farko na Majalisar Dokokin Arewa ya zo a 1951, kuma shi ya nuna wa Malam Aminu inda gizo ke saƙa. Ba kai tsaye aka yi shi ba, hawa-hawa ne. Maza masu biyan haraji za su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai a bainar jama'a, sau da yawa a gaban dagaci ko mai unguwa. Waɗannan wakilai su zaɓi na gaba da su, haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsiraru za su fitar da 'yan majalisa. Ƙari a kan haka, an ba En'e dama ta cusa mutanenta, har kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe, ba tare da sun bi ta zaɓen unguwa ba.

A matakin farko 'yan NEPU sun yi rawar gani a birnin Kano, har suka kayar da wasu manyan ma'aikatan En'e a unguwanninsu. Wannan ya girgiza fada da Turawa. Ranar 1 ga Oktoban 1951 aka mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, cikakkiyar jam'iyyar siyasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa suka shigo cikinta. Da aka kai matakin lardi, wasu daga cikin waɗanda unguwa ta ƙi sun dawo ta ƙofar naɗi, kuma NEPU ba ta samu ko kujera ɗaya daga Lardin Kano ba. Shi kansa Malam Aminu bai kai labari ba.

Abin da ya koya shi ne, ba talaka ƙuri'a kawai bai isa ba, muddin akwai wani hawa a sama da zai iya haɗiye ta. Daga nan NEPU ta mayar da zaɓen kai tsaye babbar buƙatarta, ta kai kuka Kaduna da Legas har Landan, inda Malam Aminu ya halarci tarurrukan tsarin mulki da aka yi kafin samun 'yancin kai.

Ga majalisa, ba iko

Matsin lamba ya sa aka fara gyara, amma da taka-tsantsan. A farkon shekarun 1950 aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka ce sai ya yi aiki tare da majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 ta ba da damar kafa majalisun ƙauye da na gunduma da na gari, waɗanda ake zaɓen wasu daga cikin mambobinsu. Birnin Kano ya samu tasa majalisar, yankin Waje kuma, wanda ya haɗa Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa, ya samu tasa. A karkara hakimi ne ke shugabantar majalisar gunduma, dagatai na zaune a ciki. Duk waɗannan majalisu suna ƙarƙashin En'e ne. Za su iya maganar rijiya da kasuwa da kwata da makarantar elemantare, amma babbar jakar kuɗi da 'yan doka da kotu ba su taɓu ba.

Mai karatu zai iya kwatanta halin manomin da ya tsaya takarar majalisar gunduma a ƙarƙashin tutar tauraro ta NEPU, a gari irin Gaya ko ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wanda zai ba shi izinin yin lacca, da wanda zai yanka masa haraji, da wanda zai raba masa rikicin gona, da wanda zai yanke masa hukunci idan an kai shi ƙara, duk ma'aikatan hukuma ɗaya ne, kuma hukumar tana tare da abokan hamayyarsa. Laifin zagin sarakuna ko yin taro ba izini ya kai 'yan NEPU da yawa gidan yari. A birnin Kano an samu gungun 'yan daba da ake kira 'yan mahaukata suna tarwatsa tarurrukansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci reshen mata, ta sha ɗauri sau da dama saboda wannan gwagwarmaya.

Shi kansa Malam Aminu ya sha kaye. A zaɓen tarayya na 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya kayar da shi. A zaɓen jiha na 1956 Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959, lokacin da aka fara zaɓen kai tsaye da ƙuri'ar sirri ga dukkan mazan Arewa, ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai, NEPU tana ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Ya rasa kujerar a zaɓen 1964 mai cike da rikici. Matan Arewa kuwa, har Jamhuriya ta Farko ta rushe ba su taɓa jefa ƙuri'a ba.

Abin da farar hula suka hana, soja suka yi

Wani abin mamaki a tarihin nan shi ne, mafi yawan buƙatun NEPU a hannun sojoji suka tabbata. An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayun 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati. Malam Aminu a lokacin yana majalisar Janar Yakubu Gowon, inda ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Wasu tsofaffin mabiyansa sun yi gunagunin zamansa da sojoji, shi kuwa yana ganin haɗin kan ƙasa a lokacin yaƙin basasa ya fi komai muhimmanci.

Babban sauyi ya zo a 1976, a zamanin Janar Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa. An yi wa ƙananan hukumomi tsari iri ɗaya a duk faɗin Najeriya, aka mayar da su mataki na uku na gwamnati, da kaso daga asusun tarayya, aka kuma mayar da sarakuna masu ba da shawara. Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ta samu ƙananan hukumomi 20, Gaya na cikinsu. A wannan shekara ce aka ba matan Arewa 'yancin ƙuri'a, abin da Malam Aminu ya shafe shekara 25 yana nema. Ya zauna a kwamitin rubuta tsarin mulki, sannan a 1977 ya shiga Majalisar Tsara Tsarin Mulki, wadda kansilolin sababbin ƙananan hukumomin ne suka zaɓi mafi yawan mambobinta. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da cewa majalisun da jama'a suka zaɓa ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi.

Nasara da ɓaraka

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam Aminu ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta so ta hana shi takarar shugaban ƙasa kan batun takardun haraji, kotu ta wanke shi. Bai ci shugabancin ƙasa a 1979 ba, amma jam'iyyarsa ta lashe Kano da gagarumin rinjaye, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, Abdulƙadir Balarabe Musa kuma ya ci Kaduna. Da hawansu suka soke haraji da jangali, waɗanda su ne igiyar da ta ɗaure talaka a ƙofar dagaci tun zamanin Turawa.

Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da ke tare da Malam, da 'yan Santsi da ke tare da gwamnonin. An tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. A Kano, takaddama tsakanin gwamnati da fada ta kai ga tarzomar 10 ga Yulin 1981, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Gaya, gwamnatin Sabo Bakin Zuwo kuma ta soke matakin a 1983. A cikin wannan ruɗani, alƙawarin sashe na 7 ya sha ruwa. A mafi yawan jihohin ƙasar nan, gwamnonin Jamhuriya ta Biyu sun rushe zaɓaɓɓun majalisu sun naɗa kwamitocin riƙo, kuma wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga jam'iyya ɗaya ba.

Malam Aminu yana shirin sake tsayawa takara, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilun 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Bai bar dukiyar da za a yi rigimar gado a kanta ba. An sa sunansa a filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin shari'a.

Inda aka kwana

Birnin da ya haife shi ba shi da majalisa guda a yau. An kasa shi tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Birni da Kewaye kaɗai tana da mazaɓu 13. Gaya tana da 10, Ajingi maƙwabciyarta kuma ta samu tata ƙaramar hukumar da nata kansilolin. Mai unguwa yana nan da rawaninsa, kansila yana nan da takardar shaidar zaɓensa, kuma a wurare da yawa mutane sun fi saurin buga ƙofar na farkon idan matsala ta taso.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 da na 2021, hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana APC mai mulki a matsayin wadda ta lashe dukkan kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. A watan Oktoban 2024 aka bayyana NNPP mai mulki ta lashe su duka. Haka lamarin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati. Kuɗin ƙananan hukumomi kuma sun daɗe suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki.

Kansilan da ya san cewa sunansa daga sama aka rubuto shi, sama zai riƙa kallo, ba unguwa ba. Wannan ita ce matsalar da Malam Aminu ya gano a 1951, sai dai a wancan lokaci En'e ce ke tsaye tsakanin talaka da ƙuri'arsa, yau kuma gidan gwamnati da uwar jam'iyya ne. Rijiyar burtsatse da ta lalace a Kademi, da kwatar da ta toshe a Jakara, da ajin firamaren da iska ta yaye wa rufi a Ajingi, duk suna cikin abubuwan da aka ƙirƙiro kujerar kansila dominsu. Mutanen zamanin Malam sun biya kuɗin kujerar da ɗauri da bulala da gudun hijira. Abin da ya rage wa na yanzu shi ne su san wanda ke kanta, su tambaye shi abin da ya shigo da inda aka kashe shi, su kuma dage cewa ranar zaɓe ƙuri'ar da aka jefa a unguwa ita za a ƙidaya.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano, Ya sa Aljanna ce makomarsa.